Farautar Tsofaffin Takardun Wasanni a Kasuwar Littattafai ta Alƙahira

A yammacin Kogin Nilu, daura da tsakiyar birnin Alƙahira, akwai wata unguwa da ake kira Muhandisin, watau unguwar injiniyoyi. Kafin shekarun 1950 gonaki ne a wurin. Daga baya aka yanka filaye aka rarraba wa ma'aikata iri iri, injiniyoyi da 'yan jarida da malaman makaranta, kowa da shiyyarsa. A shekarun 1970, zamanin Shugaba Anwar Sadat, dogayen benaye da kantuna suka maye gurbin ƙananan gidajen da aka fara ginawa. A gefen wannan unguwa, wurin da ake kira Mit Uƙba, ƙungiyar wasanni ta Zamalek take zaune tun 1959, ga kuma maƙwabciyarta Tersana, wadda aka kafa a 1921. Saboda haka ƙwallon ƙafa ba baƙo ba ne a bakin mutanen wurin.

Amma baƙon da ya sauka a Muhandisin da niyyar tara kayan tarihin wasanni ba zai daɗe ba sai ya gane abu guda. Kantunan unguwar cike suke da riguna da tutoci, amma duk sababbi ne, jiya aka ɗinka su. In tsohon abu yake nema, tikitin shiga fili na shekaru sittin da suka wuce, ko hoton 'yan wasan zamanin Sarki Faruƙ, ko mujallar da ta ba da labarin wani wasa a makon da aka buga shi, to, sai ya ƙetare kogi ya nufi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. A hannunsu ne babban rabo na tarihin wasannin Afirka yake kwance, cikin ƙura, tsakanin littattafan nahawu da na likitanci.

Inda ake zuwa

Wuri na farko shi ne kasuwar da Misirawa suke kira Sur al-Azbakiyya, watau katangar lambun Azbakiyya, kusa da dandalin Ataba. Tun farkon ƙarni na 20 masu tallar littattafai suka riƙa jera hajarsu a jikin shingen wannan lambu, kusa da tsohon gidan wasan Opera da aka gina a 1869, wanda gobara ta cinye a 1971. An sha tashinsu daga wurin, wani lokaci saboda ginin gada, wani lokaci saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma sunan ya bi su duk inda suka koma. Da yawa daga cikinsu gadon sana'ar suka yi daga iyaye da kakanni.

Wuri na biyu shi ne Baje Kolin Littattafai na Ƙasa da Ƙasa na Alƙahira, wanda aka fara a 1969, shekarar da birnin ya yi bikin cika shekara dubu da kafuwa. Ministan al'adu na lokacin, Sarwat Ukasha, shi ya ɗora wa shehiyar malama Suhair al-Ƙalamawi nauyin shirya na farko. A tsibirin Jazira aka fara yinsa, inda sabon gidan Opera yake yanzu. Daga baya ya koma unguwar Madinat Nasr, sa'an nan a 2019 aka mai da shi wani babban zaure a Sabuwar Alƙahira, can gabashin birni, tafiya mai nisa daga Muhandisin. Galibi a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ake yinsa. Ba a yi shi ba a 2011 saboda juyin juya halin wannan shekara, a 2021 kuwa annobar korona ta sa aka ɗage shi zuwa tsakiyar shekara.

Ɗalibai da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa sun san wannan taro sarai, gama da yawansu sukan je sayen littattafan tafsiri da fiƙihu da lugga. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne sashen 'yan Azbakiyya. Shekara da shekaru rumfunansu suna cikin wuraren da suka fi cika a baje kolin. Da aka koma sabon zaure a 2019, akasarinsu suka ƙi zuwa saboda tsadar kuɗin haya, suka shirya nasu baje kolin a Ataba a daidai wannan lokaci. Daga baya wasu suka koma suna kafa rumfa a can. Mai hankali yakan ziyarci wuraren biyu, domin abin da mai rumfa ya kai zaure kaɗan ne daga abin da ya bari a ma'ajiyarsa.

Abin da aka buga don a yar

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mai son ƙwallo da kasuwar littattafai masu wuyar samu? Amsar tana cikin wata ƙa'ida da masu wannan sana'a suka sani: abin da aka buga don a ajiye yakan wanzu, abin da aka buga don a yar kuwa shi yakan zama da wuyar samu. Babban littafi mai bangon fata, tun ranar da aka saye shi ake tattalinsa. Tikitin shiga filin wasa kuwa, a bakin ƙofa ake yage shi. Takardar da ke ɗauke da sunayen 'yan wasa, da ita ɗan kallo yake fifita ko ya shimfiɗa ya zauna, in an tashi ya bar ta nan. An buga dubbai, amma da ƙyar 'yan kaɗan suka kwana.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi ita kanta takardar. Takardun dā, irin waɗanda malaman Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa kwafar littattafai a kai, da tsumma ake yinsu; da yawa daga Italiya suka fito, masu alamar jinjirin wata uku, suka ratso ta Tarabulus da Masar. Irin wannan takarda takan yi ɗaruruwan shekaru. Takardar jarida kuwa da niƙaƙƙen itace ake yinta, tana ɗauke da wani sinadari mai tsami da ke cinta a hankali. Shi ya sa take yin ja, ta bushe, ta riƙa karyewa a wurin ninki. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga littafin da aka rubuta da hannu a ƙarni na 19 ya fi jaridar 1959 lafiya.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan ƙaranci ya zama babbar kasuwa. A 2011 an yi gwanjon dokokin ƙwallon ƙafa na ƙungiyar Sheffield ta Ingila, waɗanda aka rubuta a 1858, a kan fam 881,250. A watan Disamba na 2019 an sayar da rubutun jawabin da Pierre de Coubertin ya yi a 1892, inda ya yi kira a farfaɗo da wasannin Olimfik, a kan dala miliyan 8.8 a birnin New York, daga baya aka miƙa shi ga gidan tarihin Olimfik da ke Lausanne. Amma kada waɗannan alƙaluma su ruɗi kowa. Abin da ke jibge a Azbakiyya ba irin wannan kuɗi yake yi ba, kuma wanda ya shiga wurin da niyyar yin arziki dare ɗaya zai fito da takaici. Darajar abin tana cikin labarin da yake riƙe da shi.

Abin da ake nema

Labarin kuwa mai tsawo ne, domin Masar tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara shiga fagen wasannin zamani. An kafa Al Ahly a 1907, Zamalek a 1911. Husaini Hijazi, wanda ake kira uban ƙwallon Masar, ya buga wa Dulwich Hamlet a Ingila, ya kuma buga wa Fulham wasa ɗaya a 1911, har ya ci ƙwallo. A wasannin Olimfik na Amsterdam a 1928, Sayyid Nusair ya ci lambar zinariya a ɗaga nauyi, Ibrahim Mustafa ya ci a kokawa, ƙungiyar ƙwallon ƙafa kuma ta zo ta huɗu. A Berlin a 1936 Khidr al-Tuni ya ba duniya mamaki da ƙarfinsa. A 1934 Masar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya. Hungary ta ci ta 4 da 2 a birnin Napoli, Abdurrahman Fauzi ne ya ci wa Masar duka biyun. Wata ƙasar Afirka ba ta sake zuwa gasar ba sai Maroko a 1970.

Dukan waɗannan abubuwa sun faru ne kafin talabijin ta iso Masar, saboda haka mujallu masu hotuna su ne shaidu. Sunayen da mai nema ya kamata ya riƙe su ne Al-Lata'if al-Musawwara, wadda ta fara fitowa a 1915, da Al-Musawwar ta 1924, da Akhir Sa'a ta 1934, sai kuma jaridar Al-Ahram, wadda aka kafa a Iskandariyya a 1875. A cikinsu ake samun hotunan wasannin ƙasashen Bahar Rum na farko, waɗanda aka yi a Iskandariyya a 1951, har gidan waya ya fitar da kan sarki dominsu. A cikinsu ne kuma labarin gasar cin kofin Afirka ta farko yake, wadda aka yi a Khartum a 1957. Ƙasashe uku kaɗai suka buga, Masar da Sudan da Habasha, domin an kori Afirka ta Kudu da ta ƙi kawo ƙungiya mai haɗa baƙi da farare. A wasan ƙarshe Masar ta ci Habasha 4 da nema, Muhammad Diyab al-Attar, wanda ake kira Ad-Diba, shi ya ci duka huɗun.

Wanda ya zo daga Nijeriya yana da nasa rabo a cikin tarin. A 1984 Zamalek ta ci kofin zakarun Afirka karo na farko bayan ta doke Shooting Stars ta Ibadan, a 1996 kuma ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Zamalek ta sake yin nasara da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Emmanuel Amuneke ya buga wa Zamalek daga 1991 zuwa 1994. A 2009 kuwa Kano Pillars ta fitar da Al Ahly, mai riƙe da kofi a lokacin, daga gasar zakarun Afirka. Yadda jaridun Alƙahira suka ba da waɗannan labarai abu ne da ba za a same shi a jaridun Legas ko Kaduna ba.

Ba murna kaɗai takardun suke riƙe da ita ba. Ranar 17 ga Fabrairu, 1974, jama'a suka yi cincirindo a filin Zamalek da ke Mit Uƙba domin kallon wasan sada zumunci da ƙungiyar Dukla ta birnin Prague. Filin bai iya ɗaukar taron ba, aka yi turmutsitsi, mutum fiye da 40 suka rasu, ba a kuwa buga wasan ba. Dubban mutane suna wucewa ta gefen wurin kowace rana ba tare da sanin wannan ba. Jaridun wannan mako suna cikin 'yan abubuwan da suka rage masu faɗin yadda abin ya kasance.

Yadda ake gane na gaske

Hausawa sukan ce, ba a sayen biri a sama. Makamin mai tara irin waɗannan kaya ba kuɗi ba ne, sanin tarihi ne, domin sau da yawa takarda takan faɗi shekarunta da kanta. Misali, sunan ƙungiyar Zamalek ya sauya sau uku. Ƙasr al-Nil ake kiranta da farko, a 1913 ta zama Mukhtalat, a shekarun 1940 ta ɗauki sunan Sarki Faruƙ, sai bayan juyin mulkin 1952 ta zama Zamalek. Saboda haka in aka nuna wa mutum tikiti mai sunan Zamalek aka ce na 1938 ne, ya san akwai magana a ciki.

Haka nan sunan ƙasar. Masarauta ce daga 1922 zuwa 1953, sa'an nan ta zama jamhuriya. Daga 1958 zuwa 1971 sunanta Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, ko da yake Siriya ta fice tun 1961. Da wannan suna ta ci kofin Afirka na 1959 a Alƙahira. Babban filin wasa na Alƙahira sai a 1960 aka buɗe shi, gasar ƙungiyoyin ƙasa kuma a 1948 aka fara ta, aka dakatar da ita na 'yan shekaru bayan yaƙin 1967. Ko farashin da aka buga a bangon mujalla shaida ne, gama a dā da millim da ƙirshi ake saye, millim 10 ƙirshi ɗaya, ƙirshi 100 fam ɗaya. Wajibi ne kuma mai nema ya iya karanta lambobin Larabci, ya kuma lura cewa jaridu da yawa suna ɗauke da kwanan wata na Hijira tare da na Miladiyya. Ɗalibin da ya yi makarantar allo ko ta Islamiyya ya riga ya sami rabin wannan ilmi.

Bayan tarihi sai hannu da ido. Tsohuwar na'urar ɗab'i takan danna harafi cikin takarda, har in an shafa da yatsa a ji ɗan gurbinsa. Kwafin zamani kuwa sumul yake. Tsohuwar takarda takan fi yin ja a gefe fiye da tsakiya, ƙarfen da aka ɗinke ta da shi yakan yi tsatsa ya bar tabo. Wadda aka jiƙa da ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa launinta ɗaya ne ko'ina. Hoto na asali sau da yawa yana da hatimin mai ɗaukar hoto ko na gidan jarida a bayansa. Abin da ya fi wuyar tabbatarwa shi ne sa hannun shahararren ɗan wasa, irin su Salih Salim na Al Ahly ko Hasan Shahata na Zamalek, domin alƙalami da tsohuwar takarda kaɗai mai ha'inci yake bukata. In babu labari mai ƙarfi na hannun da abin ya bi kafin ya iso rumfa, gara a saye shi a farashin takarda kawai.

Mujallun da aka haɗa na shekara guda aka yi musu bango su ma sai an bi su shafi shafi. Yakan faru a cire bango mai launi ko hoton tsakiya a sayar da shi daban, a bar sauran.

Ladabin ciniki

Wanda ya tsaya gaban rumfa ya ce yana neman kayan wasanni, abin da ke kusa za a miƙo masa. Wanda ya ce yana neman Al-Musawwar ta watan Yuni 1934, ko Akhir Sa'a ta Fabrairu 1957, nan take mai rumfa zai gane ya sami abokin magana, wataƙila ya ce masa ya dawo jibi, a duba masa a ma'ajiya. Ciniki al'ada ce a can kamar yadda take a Kasuwar Kurmi: a yi sallama, a gaisa, a sha shayi in an kawo, a taya cikin mutunci. Ba a nuna zumuɗi, ba a kuma kushe kayan mutum don a rage kuɗi. Mai rumfa ba ya manta wanda ya yi masa adalci, kuma abu mai kyau in ya shigo hannunsa, irin wannan mutum yake ajiye wa. Kwanakin farko na baje koli sun fi zaɓi, na ƙarshe sun fi araha.

Akwai kuma doka. Masar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1983, tana kuma da ƙa'idoji a kan littattafan da aka rubuta da hannu. Duk abin da ya haura shekara ɗari, ko wanda rubutun hannu ne, ya kamata a yi tambaya a kansa wurin hukuma kafin a sa shi cikin akwatin tafiya.

Sayen abu rabin aiki ne, ajiye shi shi ne sauran rabin. Hasken rana yana kashe launi, laima tana kawo fumfuna, gara da kyankyasai kuwa a dare ɗaya sukan gama da abin da aka yi shekaru ana tarawa. Ba a liƙa wa tsohuwar takarda salatif, ba a kuma kai ta a manne ta cikin roba da zafi, domin ba ta sake fita. A kwantar da ita a miƙe tsakanin farar takarda mai kyau, a cikin akwati, nesa da ƙasa da bango.

Gida bai ƙoshi ba

Duk wanda ya ga tarin Azbakiyya ba zai rasa tunanin gida ba. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙungiyoyin Nijeriya a 1978. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon doki a garinsa tun shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagoggo kuma ya yi suna a wasan har a ƙasashen waje. A Jamhuriyar Nijar ana gasar kokawa ta cin takobin ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa. Ina tikitocin waɗannan wasanni? Ina hotunan? Sunan Shago ya wanzu ne domin Ɗan Anace ya waƙe shi. 'Yan dambe da 'yan kokawa nawa ne suka yi zamaninsu ba su sami mawaƙi ba, takardar da ta ambace su kuma aka ƙunshe ƙosai da ita?

Gaskiya ne akwai wuraren ajiya, kamar Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda mai bincike zai nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian ta 1966. Amma irin waɗannan wurare jaridu da takardun hukuma suka fi karɓa. Tikiti da hoton ƙungiyar unguwa da takardar gayyata zuwa wasa, a cikin akwatunan tsofaffi suke, kuma galibi ranar rabon gado ake share su a zubar.

'Yan Azbakiyya ba hukuma ba ne, ba kuma jami'a ba. Mutane ne da suka gane cewa tsohuwar takarda tana da mai nemanta, sai suka hana ta zuwa juji. Wannan aiki ba ya bukatar tafiya Alƙahira. Duk wanda yake da tsohon hoton wasa a gida, ya nemi dattijon da ya san mutanen da ke ciki tun yana da rai, ya juya bayan hoton, ya rubuta sunayensu da wurin da shekarar da fensir.